Malama Aukje, Mun Tsaya a Tsakiyar Waƙa

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, ina duba shanun wani manomi, 'yarki Tjitske ta kira ni ta ce kin rasu da hantsi a gidanki da ke garin Franeker. Shekarunki tamanin da bakwai.

Ina ɗan shekara sha huɗu na shigo ajinki na harshen Latin da in'ina mai tsanani. Ko sunana ban iya faɗa sai an yi dariya. Wata rana kika tsayar da ni bayan an tashi, kika buɗe waƙoƙin soyayya na Romawan dā, kina buga tebur da yatsa ina bin karin. "Jelle, bar magana, rera kawai," kika ce. Ranar na kai ƙarshen baiti harshena bai sarƙe ba.

Na zama likitan dabbobi, amma ban rabu da waƙoƙin nan ba. Shekarar da matata Baukje ta rasu, ba ki ce mini in yi haƙuri ba. Kin dafa shayi, kika karanta mini kukan wani da ya kwana bakin ƙofar masoyiyarsa ba a buɗe masa ba, shekara dubu biyu da suka wuce. A gabanki na fara zubar wa Baukje da hawaye.

Da idanunki suka mutu, ni na koma mai karanta miki, duk Asabar. Ba ki taɓa raga mini ba. "Kai, ja wasalin nan! Mutumin soyayya yake yi, ba saniya yake kora ba."

Asabar ɗinmu ta ƙarshe mun fara wata waƙa, wasiƙar wata mata da mijinta ya hau jirgin ruwa bai dawo ba. A tsakiya kika gaji. "Rufe haka. Kuma kada ka leƙa gaba, na san halinka." Asabar ta zagayo, wata goɗiya tana naƙuda, na aiko cewa sai mako mai zuwa.

Tjitske ta ba ni littafin bayan jana'iza. Ban leƙa ba, Malama. Ina jin tsoron in yi kuskure, ba wanda zai tsawata mini.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sada ki da rahamarsa. Tjitske, ke da ɗan'uwanki Douwe da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu tare.

Jelle Hiemstra