Sirdin Yaya Lawali Ba Zai Hau Bayan Akawal Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a Bungudu. Mutanen gari sun daɗe da yanke cewa doki ne zai yi ajalinsa, don in ya tarar da kwazazzabo ba ya neman inda zai zagaya, sai dai ya ɗan ja da baya ya tsallake abinsa. Sai ga shi zazzaɓi ne ya ɗauke shi a kan tabarmarsa, ko targaɗe bai taɓa yi ba. Allah Ya jiƙansa. Ni ƙanensa ne, kuma bana ba kuka na zo yi a wannan shafi ba. Na zo ne in amsa wa masu cewa na danne wa maraya sirdin ubansa.

Wanda bai san harkar ba zai ce sirdi ai sirdi ne. Ina! Namu na gargajiya, mai tudu gaba da baya, yana riƙe mutum kamar kujera, kuma don doguwar tafiya ba shi da na biyu. Amma ka yi tsalle da shi, doki na dira tudun gaban zai doke ka a mara, sai ka gane kurenka. Na Yaya shimfiɗaɗɗe ne marar nauyi, irin wanda muke ce wa na Turawa. Tsoho ne, a Gusau ya samo shi. Fatar gefensa ta karkata gaba, yadda in an ɗage likkafa gwiwar mahayi za ta sami wurin tokarawa.

Bai yarda da shi ba sai da ya ja goɗiyarsa Gunya har Tsafe, wajen wani baduku da ya iya farke sirdi ya gyara cikonsa. Yana da yadda yake gwaji, kuma ban taɓa ganin ya tsallake shi ba. Zai ɗaura sirdi ba tare da zubka ba, wato shimfiɗar nan da ake sa wa a ƙarƙashi, ya hau ya yi ta zagaye har goɗiya ta jiƙe da zufa. Sannan ya sauka ya kwance majayi, ya ɗaga sirdin ya duba. In bayanta ya jiƙe bai ɗaya, madalla. In ya ga wani wuri a bushe, to nan sirdin ya danne har zufa ta kasa fita. Sai ya bi wurin da bayan hannunsa a hankali, ya ce mini, "Sule, dubi nan. Nan yake cin ta, ita ko ba ta iya hwaɗa maka." Ya yi ta kai da kawowa Tsafe har abokansa suka fara tambayarsa ko aure yake nema a can.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwazazzabon da ke hanyar gonarmu, wanda yake tsallakewa safe da yamma, yanzu ba kowa ke iya zuwa wajen ba, kowa kuma ya san dalili. Samari sun koma fili a bakin gari suna jera dammunan kara suna tsallakewa. Na san zai yi musu dariya tukuna, sannan ya naɗe hannun riga ya shiga cikinsu, don bai yarda a daina hawa saboda tsoro ba. Abin da zai tayar masa da jijiyar wuya shi ne yadda suke zaɓen sirdi ta hoto a waya, a aiko musu a mota, dokin da zai ɗauka kuwa yana turke ba wanda ya dubi bayansa.

Murtala, babban ɗansa, yana cikin samarin nan, kuma wallahi ya iya zama a kan doki. Sai dai dangin uwarsa ya biyo, dogo ne zanƙalele, alhali Yaya gajere ne. Gunya ta tsufa, sai cin dusa take. Ɗanta yake hawa, Akawal, baƙi mai faɗin baya, ita kuwa uwar siririya ce. Da suka shirya gasar tsalle, Murtala ya zo ya durƙusa ya ce in ba shi sirdin babansa, yana so ya fita da shi don a tuna da shi. Na ce a'a. Dokin da sirdi ya matse yakan zo daf da abin tsallakewa ya turje, mahayi ya wuce ta kansa. Doguwar ƙafar da ba ta sami matokara ba kuwa ba abin da zai riƙe ta. Na riga na binne ubansa, ba zan ɗauki ɗan a kan ƙyaure da wuya a karye ba.

Shi ke nan, sai babbar yayarmu, Yaya Asabe, ta ɗauki magana ta shiga gidajen dangi da ita: Sule ya danne gadon maraya. A garinmu ba tabon da ya kai wannan muni. Mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci suka koma ba ni hannu da yatsu biyu. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sirdin na Murtala ne, ban taɓa musu ba, in ya so ya rataye, in ya so ya sayar. Tsalle da shi ne dai ban yarda ba, ko dangi duka za su daina gaishe ni.

Ranar da muka taru yi wa Yaya Lawali addu'a, ana shafa fatiha Yaya Asabe ta ɗaga murya daga cikin gida. "Sule, ka ji tsoron Allah ka ba yaron ga kayan ubanai!" Na tashi na ɗauko sirdin na dire a gaban jama'a. Na ce wa Murtala ya ɗaura ba zubka, ya zagaya kawai, ban da tsalle. Ya hau, gwiwoyinsa suka zarce fatar suna reto a iska. Akawal ya kwantar da kunnuwa yana kaɗa wutsiya. Da dokin ya jiƙe na ce wa Murtala ya sauka ya ɗaga sirdin da kansa, ni ban taɓa ba.

Wurare biyu ne a bushe ƙayau, hagu da dama, kusa da doro, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Murtala ya tsaya yana kallo, can sai ya juya hannunsa ya bi wurin da bayansa a hankali. Ban koya masa ba, yana ƙarami ya gani wurin ubansa. Sai da na kau da kai, don idona ya cika.

Yaya Asabe ta leƙo ta ce, "To a ƙara zubka mana!" Ban kai ga buɗe baki ba Murtala ya amsa. "Gwaggo, matse shi yake yi. In an ƙara, ƙara matsewa zai yi." Ya goge sirdin da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. "Baba Sule, ci gaba da ajiye mini. Yaushe za mu Tsafe?"

Gasa ta wuce shi, ya tsaya gefe yana kallon abokansa. Yaya Asabe har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ba zan ba da haƙuri kan abin da ban yi ba. Wasu na ta faɗa mana halin da hanyar Tsafe ke ciki. Mun ji. Ranar kasuwa za mu bi ayarin safe da Akawal, badukun ya ga bayansa da idonsa, ya ga tsawon ƙafar mai hawansa.

Sirdin yana rataye a ɗakina. An gyara shi ne don gajeren mutum da siririyar goɗiya, shi ya tafi, ita ta daina ɗaukar kowa, kuma ba zai sake dacewa da wani ba. Ina shafa masa mai duk da haka. Masu neman gadon Lawali kuwa sun makara, an riga an raba. Na ga rabon Murtala da idona, ranar da ya juya hannunsa a bayan doki.