Gishirin da Ya Ƙi Daskarewa

A shekarun da gishiri ya yi wuya, na juye ɗan ragowar nawa cikin ruwan tsamiya, na jiƙa ɗanyen mangwaro. Ƙanwata da ke Tofa ta ajiye mini kwanon a firjinsu saboda zafi. Ranar da na koma, rabin ruwan ya daskare. To, ni man shanu na sani, abin da ya daskare shi ne mai daraja. Na tsame ƙanƙarar, na ɗaga kwano zan watsar da ruwan.

"Yaya, tsaya! Ɗanɗana tukuna!"

Ƙanƙarar lami. Ruwan kuwa, kurɓi ɗaya idanuna suka rufe. Ashe gishiri da tsami duk can suka taru! Muka yi ta dariya har ƙasa, ina rungume da kwanon kada ya zube.