Shekara Uku a Bakin Gadon Malam

Maigidana malamin firamare ne. An tura shi wata makaranta kusa da Adabka, mu kuma muna zaune a Gummi, sai ya riƙa tafiya ran Litinin da babur ya dawo ran Juma'a. Ni ina ɗinki a gida, kuma ni ce shugabar zumuntar mata a 'yar majami'armu, wadda ko ran Kirsimeti ba mu cika benci takwas.

A lokacin ina da baki. Duk inda aka ce wani ba lafiya ni ce kan gaba, in yi addu'a da ƙarfi har maƙwabta su ji, in kuma gaya wa mai ciwon dalilin ciwonsa. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, kowa Inna yake ce mata, wadda jikokinta biyu suka rasu a Bagega shekarun da gubar dalma ta yi ta cin yara. Da na je gaisuwa na ce mata ta binciki gidan ɗanta, Allah ba ya hukunci a banza. Ta ba ni ruwa na sha, na fito ina ganin na yi aikin Ubangiji.

Wata Juma'a cikin damina ruwa ya zaizaye hanya, babur ya kwashe Malam ya faɗa kwazazzabo. Makiyaya ne suka tsince shi, suka ɗauko shi cikin bargo har bakin titi. A Sakkwato likita ya ɗaga hoton ƙashi, ya nuna mini da biro inda laka ta tsinke. Ya ce ba zai sake takawa ba.

Ban yarda ba. Da muka dawo gida na yi azumin kwana bakwai. Rana ta bakwai na tara mata, muka kewaye gadon, na kama shi ta hammata na ce ya tashi cikin sunan Yesu. Na ja shi har ya yi ƙara.

"Maman yara, sake ni," in ji shi. "Allah ya ji ki tun ran farko. Kawo mini ruwa."

Daga nan na daina zuwa sujada a majami'a, wata huɗu. Ban yi faɗa da kowa ba. Na dai rufe keken ɗinki, na koyi juya babban mutum a kan katifa don kada gyambo ya fito masa, na koyi sauya robar fitsari. Masu gaisuwa suna ta zuwa, kowa da bayaninsa. Wani dattijo ya tambayi Malam ko akwai zunubin da bai tuba ba. Ina bakin ƙofa riƙe da fo, na ji maganata sak a bakin wani.

Inna kuwa duk ran Talata take zuwa. Ta shigo, ta gaishe shi, ta kwashi zannuwan gado ta zauna bakin rijiya. Wata rana na tsuguna kusa da ita ina ɗauraya, na ce, "Inna, kin tuna abin da na faɗa miki a gidan makoki?"

"Na tuna."

"Ki gafarta mini."

"Wannan tun tuni, ɗiyata. Miƙo sabulu."

Na tambaye ta yadda ta iya yin addu'a bayan rasuwar jikokinta. Ta ce shekara guda ba ta ce wa Allah komai ba. Zama kawai take yi da safe a gabansa, kamar yadda ake zama da wanda aka saba da shi, ko ba zance. Ta ce bai kore ta ba.

Na fara yin haka. In na gama shirya Malam da safe, sai in zauna gefen gado, shi ya karanta Maganar Allah, ni in saurara. Addu'ata ta koma 'yar gajera: ƙarfin yini ɗaya, da kada in yi masa tsawa. Wani lokaci na yi tsawar duk da haka. Na gane ina da fushi da yawa wanda a da nake kira himma. Na kuma gane Yesun da nake yi wa waƙa shekara da shekaru shi ma ya roƙi a ɗauke masa wahala, aka bar masa ita. Na san wannan tun ina yarinya, amma ban taɓa tsayawa a kai ba.

Na koma sujada, na roƙi a ba wata shugabancin zumunta.

Malam bai warke ba. A shekara ta uku ciwon ƙoda ya shigo. Ran da zai rasu, da hantsi, ya ce in buɗe taga, yana son jin mutane suna wucewa fadama. Na buɗe. Ya tambaye ni ko ina jin tsoro, na ce e. Ya ce shi ma, kaɗan. Muka yi addu'a tare, kafin azahar ya cika.

Har yau ban san dalilin da ya sa ya faɗi a hanyar nan ba, na kuma daina nema. Mutanen unguwa, Musulmi da Kirista, suka cika ƙofar gida kwana uku. Bayan sati biyu na zuba wa keke mai, na ɗinka kayan makarantar yaranmu.