Ƙafar da Baba Yake Rufe Iri da Ita

A shekarun da kuɗin mai suka cika hanya da manyan motoci, wata motar siminti ta take Baba a Tambuwal ranar kasuwa. Aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa, muka dawo da shi gida Kebbe yana dogara sanda.

Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya kafe sai ya je gona. Shuka kuwa aikin ƙafa ce: mai sungumi yana gaba yana sara, na baya ya jefa iri a rami ya ja ƙasa da diddige ya rufe. Baba da ƙafar dama yake rufewa tun yana yaro. Ya jefa gero, ya sassauta sanda, ya kai ƙafar da babu ita, sai ga shi rub da ciki. Na ɗaga shi, ya kuma. Raina ya ɓaci, na ce ya riƙa tunawa mana an yanke ta.

"Ban mance ba, ɗana," in ji shi. "Jin ta nika yi, har ƙaiƙayi taka yi."

Yau abin da nake ci da shi ke nan: a kwamfuta muke gina lissafin yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsi. A lissafin, tana riƙe da siffar jiki, tsawo da nauyin kowace gaɓa, kuma da siffar take shirya taku tun ƙafa ba ta ɗaga ba. In abin da ta zata bai faru ba, sai ta ɗan gyara siffar. Abokan aikina koyo suke ce wa wannan, har tafi suke in kuskure ya ragu. Ni dai gabana ne ke faɗuwa.

A waccan daminar Baba ya sha ƙasa, hannu duk rauni, yana zagin ƙafar yana dariya. A hankali faɗuwar ta ragu, har aka yi damina guda bai faɗi ba. Na je da murnata na ce wa Inna ya warke. Ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba, ta ce tun da ya daina faɗuwa ya daina duban gabas in hadari ya haɗo.

Kafin wata shukar ya kira ƙaninsa ya ba shi gonar. Har ya rasu bai sake zuwa ba, ko ganin yabanya.