Na Tsaya Jiran Kuɗin Kwale-kwale Ya Sauko

Assalamu alaikum Edita, tare da ku masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu a nan Daura. A shekarun da zan ba ku labari, ni mai matsar man gyaɗa ce da tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gida, maigidana kuma yana fataucin awaki tsakanin Mai'aduwa da Mashi. Ba ni da hayaniya, ko 'ya'yana ba su san ƙarfin muryata ba, amma akwai abu ɗaya da nake alfahari da shi a ɓoye, wato iya ciniki. Masu kawo mini gyaɗa daga ƙauyukan Dutsi sun san halina. Mutum zai tsaya a zaure ya faɗi kuɗin tiya, in taya daga bayan ƙofa, ya ce albarka, in ce Allah ya ba da kasuwa in koma bakin murhu. Ban taɓa bin kowa da kira ba. Na san wanda ya ce albarka da hantsi, da la'asar zai dawo ya ce a kawo kuɗin. Haƙuri shi ne jarina, kuma har lokacin bai taɓa ba ni kunya ba.

Ina da 'ya mace, ita ce ta fari. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurina, don ko tana raye ban taɓa kiran sunan ba. Haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, ana kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a nuna ana ji da shi a gaban mutane. Sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. An haife ta da ciwon sikila. Duk wadda ta yi jinyar mai wannan ciwo ta san yadda damina take zame mana, iska mai sanyi na kaɗawa ƙasusuwa za su fara. Ta kai shekara goma sha uku, amma kwanakin da ta yi a kan tabarma sun fi waɗanda ta yi a aji. Ƙawayenta su tafi biki, su tafi yawon Sallah, ita tana kwance a gindin darbejiyar tsakar gida tana kallona ina juya tunkuza.

Ƙanena, kawunta ke nan, yana da shagon cajin waya kusa da tasha. Shi ya kawo mata tsohuwar wayarsa, ya sa kuɗinsa ya saya mata wani wasa a ciki, irin wanda yara suke kira gem. Wata 'yar yarinya ce a ciki take tafiya ƙasa-ƙasa, tana taimakon mutane, ta nemo wa wannan akuyarsa da ta ɓata, ta kai wa wancan ruwa, a ba ta lada ta ƙara gaba. 'Yata ta zaɓa mata ɗankwali ruwan ɗorawa. Tun daga ranar gidanmu ya canza. Ina aiki tana ba ni labarin inda suka kai, wai yau sun hau dutse, wai sun shiga wani gari da ake sayar da fitilu. Takan ce mini, Umma, ƙafafuna na nan amma na fi Baba yawo. In ce mata to matafiyiya, a dai tashi a sha magani. Ko ciwo ya taso, in ya ɗan lafa, wayar take nema kafin ta nemi abinci.

Wata rana da yamma sai na ji ta yi shiru. Na ɗaga kai na ga ta ƙura wa wayar ido. Ta miƙo mini, na goge hannuna da zane na karɓa. Yarinyar mai ɗankwali tana tsaye a bakin wani ruwa shuɗi wanda ba a ganin ƙarshensa, ga kwale-kwale a ɗaure, an zana kwaɗon kulle ƙofa a kansa, a ƙasa kuma an rubuta lambobi. Turancin ban iya ba, amma lamba na iya karantawa. Ta yi mini bayani cewa tafiyar ƙasa ta ƙare, wannan teku ne, akwai tsibiri a can tsallake, amma shi ƙari ne da masu wasan suka yi daga baya, sai an sake biya kafin kwale-kwalen ya tashi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ba, tana so ta ga yadda ake zama a tsakiyar teku.

Da kawunta ya zo na tambaye shi nawa ya sayi wasan tun farko. Da ya faɗa, sai na ga kuɗin ƙarin ya kusa kamo na uwar wasan, kusan abin da nake sayar da kwalbar mai biyu. Raina ya ɓaci. Na ce masa a sana'armu in mutum ya sayi abu, abin da ake ɗora masa a kai gyara ne, kyauta ake bayarwa don ya dawo gobe. Waɗannan su sun sayar maka da riga, sun riƙe hannu ɗaya, yanzu sun ce a kawo kuɗin hannun. Na tambaye shi wa ake tayawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Yaya, babu kowa a zaure, na'ura ce, ba ta san albarka ba, ba ta san sallama ba. Ita ma 'yata ta sa baki, wai in jira mai tekun zai dawo da la'asar da buhunsa a ka. Duk muka yi dariya. Amma a cikin maganarsa ya ambaci cewa wani lokaci sukan yi rangwame, su karya farashin. Wannan kalma ita na riƙe. Na ce ashe dai suna da la'asar ɗinsu, to za mu jira ta.

Ya ce shi zai biya, abin bai kai a tsaya dogon zance ba. Na hana shi. Na ce ba rashin kuɗi ba ne, kuma gaskiya ba shi ba ne, don a ranar akwai cinikin mai a ɗaure a bakin zanena. Na ce ba na so yarinya ta tashi da ganin duk abin da aka faɗa mata sai ta miƙa hannu ta biya. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ina jin nauyin a ce ga ta can tana shagwaɓa 'yar fari, har tana sayen ruwan da ba a sha. Da na gaya wa mahaifinta, ya ce in yi yadda na gani, ni na san ciniki.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi, wataƙila da na sauko. Ita ma haƙurin ta gado. Kullum da safe bayan ta yi sallah sai ta buɗe wayar ta duba, ta ce mini Umma, mai teku bai sallama ba. In ce mata zai sallama, ki bar shi ya gaji. Ta koma ta sake bin garuruwan da ta riga ta wuce, ta sake nemo akuyar da ta riga ta nemo, daga ƙarshe ta dawo da yarinyar bakin ruwa ta tsayar da ita. Har ta ce in riƙa ba ta tsintar gyaɗa tana taya ni, in ya so in tara mata ladan. Na ba ta. Ina kallon yatsunta masu kumburi suna ware ruɓaɓɓu daga masu kyau a faifai, ina jin daɗi a raina wai ina koya mata darajar abu.

Da damina ta yi nisa ciwon ya taso mata irin wanda ba mu taɓa gani ba. Ya kama ƙirji. Muka kwana biyu a gida muna gasa mata jiki, da abin ya ƙi muka tafi asibiti, aka ƙara mata jini. Wata safiya ta ɗan farfaɗo har ta sha kunu, ta tambaye ni ko na taho da wayar. Na ce tana gida. Ta ce to in mun koma a duba, ƙila ya sauko. Na ce mata in mun koma ko bai sauko ba za a saya. Allah ya sani da gaske nake, a lokacin na riga na saki cinikin. Ta yi murmushi ta ce a'a Umma, kar ki ɓata sunanki a wurin masu gyaɗa. Wannan ce doguwar magana ta ƙarshe da muka yi. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abarsa.

Na san kwananta ne ya ƙare. Ko na sayi tekun duniya gaba ɗaya ba zai ƙara mata numfashi ɗaya ba, kuma ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Ba wannan ne yake cina ba.

Bayan an watse zaman makoki da 'yan makonni, na ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashinta don in mayar wa kawunta. Ya sa mata caji a shago, da yamma sai ga shi ya dawo da ita, ya tsaya a tsakar gida. Ya miƙo mini. Ga kwale-kwalen, ga kwaɗon, ga tsohuwar lambar an ja mata layi a tsakiya, an rubuta wata a gefenta wadda ba ta kai rabi ba. Mai teku ya sallama. Na yi daidai, kun ji, lissafina bai kuskure ba. Na zauna a kan turmi na ce masa ya biya. Ya ce Yaya, me za ki yi da shi yanzu? Na ce ya dai biya.

Ya biya, kwaɗon ya ɓace, ya nuna mini inda zan dangwala. Ban taɓa riƙe wasan da niyyar yi ba sai ranar. Yarinyar tana nan inda aka bar ta, da ɗankwalinta ruwan ɗorawa, tana fuskantar ruwa. A saman kanta akwai 'yan haruffa da ban taɓa kula da su ba. Na matso da wayar na fara haɗa su ɗaya bayan ɗaya yadda malamarmu ta koya mana, ina furtawa a fili, sai da na kai ƙarshe na ji abin da bakina ya faɗa. Sunanta ne. Sunanta ta sa wa yarinyar. Ran nan na fara kiran sunan 'yata da bakina, a tsakar gidan da ta yi shekara goma sha uku tana amsa ke. Ƙanena ya juya ya fita zaure.

Na shigar da ita kwale-kwalen muka tsallaka. Edita, tun da gaskiya na zo faɗa, bari in faɗi abin da na tarar. Tsibirin ɗan ƙarami ne. Bishiyoyin kwakwa, 'yan bukkoki, da wani tsoho mai kamun kifi. Aikin da ake sa ka shi ne dai na baya, sai dai maimakon akuya yanzu kunkuru ake nema. Ni da ban iya ba, da taimakon ƙanena, kafin kwana biyu mun zagaye shi kaf. A can ƙarshensa kuma akwai wata ƙofa a jikin dutse, da wani kwaɗon, da wata lambar. Har gobe ina cewa abin da suka saka a ciki bai kai kuɗin da suka fara nema ba, kuma wanda ya tsara a kawo yaro har bakin ruwa a nuna masa kwale-kwale sannan a ce ya kawo kuɗi, ya san abin da yake yi. Da za su ji ta tawa, da na ce su ji tsoron Allah su faɗi kuɗin abu gaba ɗaya tun farko.

Amma akwai wani wuri a tsakiyar tafiyar, kafin a isa tsibirin, inda ƙasa take ɓacewa ta baya, ta gaba ma ba a hango komai, sai ruwa ko'ina da ƙarar igiyarsa, wasu manyan kifaye suna tsalle a gefen kwale-kwalen. Bai fi a sha kofin shayi ba a wuce shi. Wannan ne abin da ta ce tana so ta gani. Ni na auna abin da mudun mai saye da sayarwa, na ga bai cika ba. Ban auna shi da mudun yarinyar da duniyarta ta tsaya daga tabarma zuwa gadon asibiti ba. A wurinta wannan ɗan wurin kaɗai ya fi kwalbar mai biyu, ya fi jarka.

Shi ya sa na rubuto. Ban ce iyaye su riƙa biyan duk abin da waya ta nema ba, yawancinsu tarko ne, kuma wanda ba shi da shi ba shi da laifi. Ina magana da wadda take da shi a bakin zane kamar yadda nake da shi, ta tsaya don kar a ce an cuce ta, ko don kar a ce tana ji da ɗanta. 'Yar'uwa, kafin ki ce a jira, ki dubi wanda zai yi jiran, ki tambayi kanki ko yana da lokacin da kike da shi. Mai gyaɗa yana dawowa da la'asar don gyaɗarsa tana iya kwana. Kuma in kina kunyar ɗanki na fari, ki yi kunyarki a gaban mutane, amma ki samu wani lokaci ku biyu ki kira sunansa ya ji.

Na koma sana'ata, har yanzu ina tayawa, sai dai masu gyaɗa sun ce na yi sanyi. Wayar tana wurina. Ƙofar dutsen ban buɗe ta ba, ba kuma zan buɗe ba. Wani lokaci in na sauke tuya, nakan mayar da yarinyar cikin kwale-kwale in kai ta tsakiyar ruwan in tsayar, in bar ta ta yi ta kallo. Ku sa 'yata a addu'a, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka riga mu.