Muryar Baba a Bakin Zane

Tun ina yaro aka san ni da kwance abin da yake aiki lafiya. Agogon bango, tocila, rediyon maƙwabta, babu wanda ya tsira daga hannuna, kuma ban tuna ko ɗaya da na mayar yadda na same shi ba. Da na girma na zama malamin kimiyya a wata sakandare kusa da Bici, sai na raɗa wa halin nawa suna mai daraja, na ce bincike nake yi. A ƙauyenmu dai, can gefen dam ɗin Watari, ba wanda ya karɓi sabon sunan.

Shaidar halina ma tana nan a kaset. A shekarun baya, kafin Baba ya samu fili a noman rani, kudu yake tafiya cin rani. Bai iya rubutun boko ba, saboda haka sai ya ari rikoda ya yi magana a kaset ya ba mai zuwa gida. Guda ɗaya ne ya rage mana. Ba wata hikima a ciki: gaisuwa ce mai tsawo ga kowa da kowa, sai kashedin kada a sayar da jar akuya, sai tari, sai ya kira Inna da sunan da shi kaɗai yake kiranta ya ce ta yi haƙuri, damina ta kusa. Daga ƙarshe ya ce, "In kun gama ji ku ɓoye rikodar nan, kada yaron nan ya kwance ta." Ni ne yaron.

Bayan rasuwar Baba, wannan kaset ya zama abokin hirar Inna, musamman da yanar ido ta rufe mata gani. Wata rana rikodar ta cinye zaren. Na lallaɓa na jona shi, na kwashe abin da ya saura zuwa kwamfutata, amma wani yanki na gaisuwar ya tafi ke nan. Yayata, wadda take zaune da Inna, ta sayo 'yar rediyo mai cin memori a kasuwa, na zuba muryar a ciki. Matsalar ita ce maɓallanta sun yi yawa. Inna za ta lalubo tana neman mijinta, sai ta faɗa tashar da ake tallan maganin basir.

Nan na ga dama ta samu. Na ce zan haɗa mata akwati mai maɓalli ɗaya tak: ta danna Baba ya yi magana, ta sake dannawa ya yi shiru. Yaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya sa kada Baba ya ji."

Ina da wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake rubuta wa umarni a kwamfuta ya riƙa bi. Da shi nake burge ɗalibaina, ina sa fitila tana ƙiftawa. Sai dai ƙwaƙwalwarsa 'yar mitsitsiya ce, ko sallamar Baba ba za ta ɗauka ba, balle a kai ga jar akuya. Dole a ƙara masa wurin ajiya. Na je Kano na sayo gidan memori, ɗan ƙarfe mai ƙafafu shida, kowace ƙafa da inda za a jona ta. Na zauna da dalma da siraran wayoyi ina ta fama. Memorin farko da na saka, ban kula cewa wutar allon ta fi ƙarfinsa ba, sai da na ji ƙauri. Na biyu ya ƙi karantuwa har sai da na gano cewa allon ba ya son dogon suna, na gutsure sunan fayil ɗin ya koma BABA kawai. Ranar da muryar ta fito ta 'yar lasifikar, na yi ihu har mai ɗakina ta fito da ludayi a hannu. Abin da na fara ji kuwa shi ne a ɓoye rikoda kada in kwance ta.

Na zuba kayan duka a robar man shafawa, na sa mata babban maɓalli na ƙararrawar ƙofa, da 'yar fitila da za ta yi ja in allon bai ga memori ba. Na ɗora a babur na kai gida. Inna ta danna, Baba ya yi sallama, ta amsa masa kamar yana bakin ƙofa. Da a nan na tsaya da an zauna lafiya. Amma malami ba ya ganin ɗalibi ya ƙyale. Na kama yatsanta na kai gefen robar na ce, "Inna, taɓa nan. Kin ji wannan ɗan abin kamar farce? Duk muryar Baba a cikinsa take. Kin ga, in an danna shi sai ya fito." Ta yi ta juya shi a tsakanin yatsunta. Ni kuwa na ɗauka mamakin ilimina take yi.

Ba a rufa mako ba Yaya ta kira ni. "Injiniya, akwatinka ya mutu. Jar wuta kawai yake yi."

Ranar Asabar na zo da jakar kayan aiki. Na zare memorin na hura shi na mayar, sannan na canza wata waya da nake zargi. Akwati ya tashi. Na yi wa Yaya bayanin cewa wayar ce ba ta da inganci. Mako na gaba ya sake mutuwa. Na zare memorin na hura na mayar, na canza batir, ya tashi. Na gaba kuma na sake narka dalmar ƙafafun nan shida. Kullum sai in fara da zare memori in mayar, kullum kuma sai in ba abin da na canza daga baya lada. Har wani jan tabo na gani a kan haƙoran memorin, na ɗauki hotonsa na tura wa abokaina masu irin wannan sha'awa, muka yi ta muhawara. Wani ya ce tsatsa ce saboda raɓar dam, ni na kafe cewa zafin wuta ne. Na yi rubutu mai tsawo a kan haka, ban da kunya.

Lokacin cirar albasa na zo gida ranar da ba a sa ran zuwana ba, na bar babur wajen mai faci na ƙaraso a ƙafa. Yaya tana gona. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, akwatin yana ɗaki. Na ɗauka in duba lafiyarsa, sai na ga gidan memorin wayam. Na ɗaga tabarma, na zazzage matashi, na fito na bi kaji da harara ina tunanin wacce zan sa a yanka. Inna tana jin kai-komona, sai ta ce, "Kai, me kake nema kake ta huci kamar kububuwa?"

"Memorin, Inna. Wani ya sace."

Ta ajiye ƙwaryar, ta jawo bakin zanenta, ta kwance ƙulli. Ga ɓarin goro, ga memori, suna kwance tare. Jan goro ke nan, tsatsar da muka yi ta muhawara a kanta.

Ashe kullum in ta gama saurare sai ta danna shi ya fito, ta ƙulle. In za ta ji sai ta lalubo ta mayar, wani lokaci daidai, wani lokaci a juye ko bai shige ba. In ta ji ƙarar babur ɗina kuma sai ta yi maza ta cusa shi don kada in yi faɗa.

Na yi faɗan kuwa, cikin ladabi dai, amma faɗa ne. Na ce, "Haba Inna, wata nawa ina wahala! Ai ba a cire shi. Kuma ko ya ɓace ina da irinsa a kwamfuta, ina da shi a waya."

Ta ce, "Kai ka ce min duk muryarsa a ciki take."

"Haka ne, amma..."

"Wancan ma a cikin rikoda na bar shi ta cinye. Abu ɗan wannan, a bar shi a roba, gida cike da kaji da jikoki?"

Na ji maganar, amma kunnen injiniya ne ya ji ta. Da ta shiga sallar la'asar na mayar da memorin, na tsiyaya masa gam ta kowane gefe har ya zama kamar an haife shi a wurin. Na hau babur ina yaba wa kaina, na kashe matsala daga tushe.

Akwatin bai ƙara mutuwa ba. Kiran da Yaya ta yi min daga baya daban ne, babu zolaya a cikinsa. Ta ce, "Akwatinka lafiyarsa ƙalau. Inna ce dai. Ba ta fitowa shan hantsi, an yi suna a maƙwabta ta ƙi zuwa. Wai ba za ta bar shi shi kaɗai a ɗaki ba, kuma tana jin kunyar a gan ta da robar man shafawa a hannu kamar mai talla. Ko ban ɗaki za ta sai ta ce in zauna in tsare."

Kunya ta kama ni sosai, irin wadda ban ji ba ko ranar da na ƙona rediyon liman. Na gyara akwati na ɗaure uwata a ɗaki.

Na sayi sabon memori, na zuba muryar a ciki, na tafi gida a ranar. Na durƙusa gabanta na sa mata a tafin hannu na ce, "Inna, ga naki na ƙullewa. Baba yana ciki, daga sallama har jar akuya. Wancan ya zauna a akwati, wannan ya bi ki duk inda za ki."

Ta shafa shi da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ta miƙo min abina.

"Wannan baƙo ne. Ka ba akwatin shi. Ni ka ciro min nawa."

Na buɗe baki zan yi bayanin cewa babu wani bambanci, cewa wancan ɗin ma kwafi ne, cewa na farkon gaske tuni na ƙona shi a Bici. Na ga yadda ta riga ta kwance bakin zanen ta shimfiɗa shi a cinya tana jira. Na rufe bakina, wanda ba kasafai nake yi ba.

Na ari rezar Yaya na zauna a bakin ƙofa ina kankare gam ɗin da na yi alfahari da shi, a hankali, zufa tana karyo min, don in hannuna ya goce ban san da wane baki zan yi magana ba. Ana cikin haka gwiwar hannuna ta danne maɓallin. Baba ya yi gyaran murya ya fara gaisuwa, ni kuwa hannu biyu a reza, ban da damar kashe shi. Haka ya bi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, ya wuce akuya, ya ba Inna haƙuri, har ya iso kaina ya ce a ɓoye kada yaron nan ya kwance.

Inna ta yi dariya har da share ido. Ta juya wajen da muryar take fitowa ta ce, "Ƙyale shi, Malam. Yau ni na sa shi."