Uban da Ke Zama a Bencin Baya

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a gefen Kurfi, akwai wani dattijo makiyayi da ke zuwa ajina duk ranar kasuwa. 'Yarsa tana aji huɗu. Yakan jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya zauna a bencin baya. Bai yi boko ba, amma da an tashi sai ya ce, "Malam, me ka koya masu yau? Faɗa mani, in tambaye ta a gida." Duk ranar da yake nan, har yara masu ƙiriniya sukan natsu, ita kuwa yarinyar kullum hannunta a sama.

Da aka turo mana sabon hedimasta daga Dutsin-Ma, sai ya ce aji ba wurin zaman iyaye ba ne. Ya tare dattijon a filin makaranta, cikin ladabi ya ce, "Baba, ka bari sai ranar taron iyaye."

Dattijon ya ce, "To, Malam, a yi haƙuri. Ban san laifi ba ne."

Na bi hedimasta ofis na roƙe shi, ya ce doka ce.

Ranar taron dattijon bai zo ba, rani ya kai shi wajen Zobe da shanu. Yarinyar ta gama firamare, amma ƙwazonta ya ragu sosai. Daga baya na ji sun yi ƙaura kudu. Har na yi ritaya ban san ko ta ci gaba da karatu ba, kuma abin yana damuna har yau.